Maya Angelou: Waƙar Ido ko Waƙar Kunne?

Manazarta adabin Amurka sun daɗe suna yaba wa Maya Angelou a fagen zube, amma in aka zo kan waƙoƙinta sai su yi mata rowar yabo. Hujjarsu ita ce kalmominta masu sauƙi ne, ga yawan maimaici, jigo kuma a fili yake, babu abin da mai nazari zai tono. A wannan taƙaitaccen sharhi muna son mu nuna cewa mudun da suka auna ta da shi ne bai dace ba.

An haife ta a birnin St. Louis cikin 1928, ta tashi a hannun kakarta a garin Stamps na jihar Arkansas, zamanin wariyar launin fata. Ba ta kai shekara goma ba wani mutum ya yi mata fyaɗe, ta yi kusan shekara biyar ba ta magana. Cikin wannan shiru ta haddace waƙoƙin Shakespeare da na Paul Laurence Dunbar, har wata mata mai suna Bertha Flowers ta jawo ta ga magana ta hanyar sa ta karanta waƙa a bayyane. Daga baya ta yi waƙar kalifso a gidajen rawa, ta fitar da faifai a 1957, sannan ta zauna a Alƙahira da Akara, inda ta yi aiki a Jami'ar Gana. Sai a 1971 diwaninta na farko ya fito. Ke nan murya ta riga alƙalami a rayuwarta.

Wannan tarihi shi ya haifar da salonta. Maimaicin da ake kushewa amshi ne, irin na cocin baƙaƙen fata, inda mai wa'azi ke bayarwa jama'a na karɓa. Mu Hausawa mun san haka. In aka rubuta waƙar Mamman Shata a takarda, aka raba ta da kalangu da 'yan amshi, mai karatu zai ga nanata magana kawai, alhali mai saurare ya san inda armashin yake.

Sai dai ba za mu wanke ta sarai ba. Waƙar da ta karanta ranar rantsar da Shugaba Bill Clinton a 1993, wadda faifanta ya ci kyautar Grammy, tana da dogon jerin sunayen al'ummomi da ke sanyaya gwiwar mai karatu. A nan muryarta ce ta rufa wa baitocin asiri.

Angelou ta rasu a 2014, amma muryarta na nan a faifai. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su saurare ta tukuna kafin su yanke mata hukunci, domin abin da aka yi don kunne, ido kaɗai ba ya isa alƙalinsa.