Ta Ina Ake Fara Nazarin Addinin Gargajiya na Adar? Sharhi a Kan Littattafan Shiga, Tare da Darasi Daga Ƙasar Sin

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ƙudura niyyar nazarin addinin gargajiya na kudancin Adar da ƙasar Ƙonni, watau yankin Illela da Badagishiri da Malbaza da Birnin Ƙonni, tambayarsa ta farko ita ce wane littafi zai fara buɗewa. Abin da yake nema galibi shi ne jerin sunayen iskoki, kowace da danginta da launin tufafinta da dabbar da ake yanka mata. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa irin wannan jeri shi ne matakin ƙarshe na aikin. Matakin farko shi ne sanin kalmomin da mutanen ƙasar ke amfani da su, da sanin wanda ya furta kowace kalma. Za a duba littattafan da aka saba farawa da su, sa'an nan a gwada su da abin da nazarin addinin talakawan ƙasar Sin ya gano, domin masu binciken can sun ci karo da wannan matsala tun da daɗewa.

2. Littattafan da ake farawa da su

Ana iya kasa su kashi uku. Kashi na farko na Ingilishi ne, kuma bai shafi Adar kai tsaye ba. Tremearne ya buga littafinsa a kan bori a 1914, amma yawancin bayanansa ya samo su ne daga Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus, kuma tun daga bangon littafin ya kira iskoki shaiɗanu. Greenberg ya yi bincike a tsakanin Maguzawan karkarar Kano a 1938 da 1939, ya buga sakamakon a 1946. Aikinsa ya fi na Tremearne tsari nesa ba kusa ba, musamman yadda ya bambanta tsafin da mai gida ke yi wa iskokin gadonsa da hawan bori. Besmer, a 1983, ya bayyana birnin Jangare da gidajensa 12 na iskoki kamar yadda ƴan borin ƙasar Kano suka tsara su.

Kashi na biyu na Faransanci ne a kan maƙwabtan Adar: Piault a kan Arewa a 1970, Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan borin Maraɗi a 1972, da Guy Nicolas a kan kwarin Maraɗi a 1975. Kashi na uku shi ne na Adar kanta. A shekara guda, 1975, jerin Études Nigériennes na Yamai ya fitar da littattafai biyu: na Nicole Echard a kan tarihin manoman Adar, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. A 1989 Echard ta ƙara da littafinta a kan iskokin borin Adar da Kurfai.

Shawarar da ta fi dacewa ga mai farawa ita ce ya soma da littattafan tarihin nan biyu kafin ya taɓa na bori. Daga Hamani zai san cewa sarautar Adar, wadda kujerarta take Illela, ta samo asali ne daga Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Kabawa da yaƙi a 1674, kuma ta tarar da Azna zaune a ƙasar tun kafin ta zo. Daga Echard zai ji tarihin ta bakin ƙauyawa. Wanda bai san wa ya riga wa zama ba, ba zai gane dalilin da ya sa wani gida ke da hurumin yanka a kan wani dutse, wani gidan kuwa ba shi da shi ba. Wanda kuma ya fara da tsarin Jangare na Kano ya nufi Badagishiri da shi a aljihu, zai yi ta cusa wa dattawa amsar da ba tasu ba.

3. Matsalar kalmomi

Babban raunin waɗannan littattafai ga mai karatu Bahaushe yana cikin harshen da aka yi nazarin da shi. Kalmomi huɗu na Faransanci sun isa misali.

Ta farko ita ce animiste, wadda ake fassara Azna da ita. Ta fuskar furuci, azna da anna da arna kalma ɗaya ce: a Adar ana jin z ɗin, a Maraɗi ya saje da n, a Kano ya zama r, kamar yadda biyat ta zama biyar, bisa ƙa'idar da Klingenheben ya bayyana. Ta fuskar ma'ana kuwa sun rabu. A birane arne zagi ne, daidai da kafiri. A Adar kalmar tana ɗauke da ma'anar asali da gado, watau zuriyar waɗanda suka fara saran daji suka ƙulla alkawari da masu wurin. Kalmar Faransancin ta ɗauki ɓangaren aƙida kaɗai, ta zubar da na ƙasa da zuriya.

Ta biyu ita ce génie. A ƙarƙashinta aka tara iska da aljani da doguwa da bori da mutanen ɓoye. Iska kalmar Hausa ce ta asali, ita ce kuma sunan wadda ke kaɗawa. Aljani aro ne daga Larabci, yana tafe da hukuncin malamai. Doguwa da mutanen ɓoye sakaya suna ne, irin wanda ake yi wa abin da ake jin nauyin ambatarsa. Zaɓen ɗaya daga cikinsu yana nuna matsayin mai magana, kuma fassara tana shafe wannan alama.

Ta uku ita ce possession, wadda ta fito daga kalmomin cocin Turai, inda ake nufin shaiɗan ya mallake mutum sai an fitar da shi. Hausa kuwa hawa take cewa. Iska ke hawa, namiji doki ne, mace goɗiya, shigar da sabon ɗan bori kuma girka ce, kalmar da ake ɗora tukunya a kan wuta da ita. Ma'anar da ke cikin waɗannan kalmomi ta horo ce da zama tare.

Ta huɗu ita ce mythe. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, shi ya sa masu fassara kan kama tatsuniya, ko gatana kamar yadda ake cewa a yamma. To amma tatsuniya da dare ake yin ta don yara, mai yin ta kuma da bakinta take rufewa da cewa ƙarya ta gilla. Bayanin yadda kakan gari ya sauka gindin wata itaciya ya yi alkawari da doguwar wurin, a bakin dattijon da ke ba da shi labari ne ko tarihi. Sanya masa sunan tatsuniya a bangon littafi daidai yake da ƙaryata mai shi.

4. Abin da nazarin ƙasar Sin ya nuna

Ƙasar Sin ta shafe fiye da shekara 3,000 tana rubutu, duk da haka mai fara nazarin addinin talakawanta yana faɗawa cikin wannan rami. Yana neman littafi guda mai ɗauke da asalin duniya da jerin alloli, sai ya tarar babu shi. Labaran a warwatse suke cikin littattafai daban-daban, kamar Shanhaijing, littafin duwatsu da tekuna, da Huainanzi wanda aka miƙa wa sarki a shekara ta 139 kafin haihuwar Annabi Isa. Labarin Pangu, wanda littattafan yara ke sanyawa a shafin farko a matsayin mafarin halitta, bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa. Ita kanta kalmar shenhua, da Sinawa ke fassara mythe da ita, daga Japan aka aro ta a farkon ƙarni na 20. Jerantaccen labarin da ake karantawa a yau aikin masana ne irin su Yuan Ke, wanda ya harhaɗa gutsattsarin ya buga a 1950. Littafi ne mai amfani, muddin mai karatu ya san ɗinki ne aka yi.

Ci gaban da aka samu ya zo ne daga waɗanda suka ajiye neman jeri suka dubi abin da mutane ke aikatawa. A 1925 Gu Jiegang da abokan aikinsa suka bi masu ziyara zuwa dutsen Miaofeng kusa da Beijin, suka rubuta yadda ƙungiyoyin ziyarar ke tafiyar da harkarsu. A 1961 C. K. Yang ya nuna cewa addinin talakawan Sin ba shi da hukuma tasa ta dabam, a narke yake cikin iyali da sana'a da gari. A 1974 Arthur Wolf, bisa bincikensa a karkarar Taiwan, ya kasa halittun ɓoye uku kamar yadda manoma ke mu'amala da su: alloli, waɗanda ake bi kamar ma'aikatan sarki, daga na murhu da na unguwa har zuwa sarkin sama, kakanni, waɗanda ake ciyarwa kamar dangi, da fatalwa, waɗanda ake sallama a waje kamar mabarata. Muhimmin abin da ya gano shi ne mamaci guda kaka ne a wurin zuriyarsa, fatalwa ne a wurin maƙwabci.

Wannan ma'auni ya dace da Adar ƙwarai. Doguwa guda gado ce ga gidan da ke yi mata yanka kowace shekara ba tare da ta hau kowa ba, uwar gijiya ce ga goɗiyar da aka girka mata, aljana ce ga malamin da ke yi wa mara lafiya ruƙiyya. Haka kuma kamannin fada da ake gani a sama ta Sinawa akwai shi a bori: Sarkin Rafi da Ɗan Galadima sarauta ce, Malam Alhaji malanta, Barhaza Fulani. Da mulkin Faransa ya kafu sai ga Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, sun ɓullo a Kurfai a 1925 da siffar sojoji da kwamandoji. Jerin da ke karɓar baƙi kamar haka ba ya rufuwa, don haka kowane jeri da aka buga hoton gari guda ne a shekara guda.

5. Abin da ya shafi bincike da yaƙi da jahilci

Bisa ga abin da ya gabata, ga tsarin da ya kamata mai farawa ya bi. Da farko ya zaɓi gari guda ya san tarihin zamansa: wa ya sari daji, wa ya gina rijiya, wa ya zo daga baya. Na biyu ya bi shekara daga farko har ƙarshe, ya rubuta abin da ake yi kafin shuka da bayan girbi da lokacin farauta. Buɗin daji da arwar da Aznan Masalata kusa da Ƙonni ke yi don duba abin da shekara za ta zo da shi misali ne da ke kusa. Na uku ya tattara kalmomi, kowace da jimlar da ta fito a ciki da bayanin mai magana, namiji ko mace, ɗan bori ko malami ko mai gado. Na huɗu ya ɗauki kirari da waƙoƙin masu goge da garaya a na'ura, ya rubuta su da karin harshen wurin, tsahi a bar shi tsahi, kada a mai da shi Kananci. Bayan wannan ne jerin sunaye zai yi ma'ana.

Ga masu tsara littattafan manya akwai darasi na musamman. Lokacin da Yan Yangchu ya kafa aikinsa na koyar da manoma karatu a gundumar Ding daga 1926, ma'aikatan binciken ƙungiyarsa sun zauna da mawaƙan ƙauye suka rubuta wasanninsu 48 daga baki, aka buga a 1933. A daidai wannan zamani kuwa hukumar ƙasar tana yaƙi da abin da ta kira camfi, har ta fitar da doka a 1928 mai tantance ɗakunan bauta da za a bari da waɗanda za a rushe. Abin da aka rubuta daga bakin manoma shi ne ya rage wa masu bincike na baya.

A Nijar an fara yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa a 1963, taron Bamako na 1966 ya shimfiɗa ƙa'idar rubutu, aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan za a buƙaci littattafan tarihi da ƙamus na Hausa zalla, kuma dole wani ya yanke shawarar kalmar da za a sa a gurbin waɗancan huɗu. In aka sa arna da camfi da tatsuniya, manomin Badagishiri da ya koyi karatu da girmansa zai buɗe littafi ya tarar an zagi kakansa. In aka tsallake batun gaba ɗaya don gudun fushin malamai, tarihin garinsa zai fara ne daga tsakiya. Mafita ita ce bayani ba tare da hukunci ba: a ce Azna, a ce labarin kafa gari, a faɗi garin da aka ji shi, kuma abin da masu gado suka ce asiri ne a bar musu kayansu. Mutanen yankin Musulmi ne, kuma rubuta abin da kakanni suka yi bai zama kira zuwa gare shi ba, kamar yadda malaman Larabci ke karanta waƙoƙin jahiliyya don sanin harshe.

6. Kammalawa

Littattafan Hamani da Echard su ne ƙofar shiga mafi inganci ga Adar, na Greenberg da Nicolas da Besmer kuma na gwadawa ne, a karanta su ana tuna garin da kowanne ya fito. Aikin da ya rage na masana harshe ne: ƙaramin ƙamus na kalmomin gado da bori na yankin Illela da Ƙonni, wanda zai bayyana Hausa da Hausa, kowace kalma da garinta da bakin da ta fito. Dattawan da suka san bambancin iska da aljani a aikace suna raguwa kowace damina, saboda haka ɗaukar maganarsu ya kamata ya riga tsara littafi.