Sharhi A Kan Hanyoyin Auna Girman Ƙaguwar Taɓo

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda masana suke auna saurin girman ƙaguwar taɓo, wadda ake kira Scylla, a dazuzzukan mangurof na gaɓar tekun Indiya da na Pasifik, wato itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A ganinmu akwai rauni uku a cikin aikin.

Na farko, ƙaguwa ba ta girma a hankali kamar kifi. Ɓawonta ba ya miƙewa, don haka sai ta yi saɓa sa'an nan take ƙaruwa, a lokaci guda. Amma har yanzu ana ɗora mata lissafin von Bertalanffy na 1938, wanda ya ɗauka cewa halitta tana girma kullum ba tsayawa. Ban da wannan, duk alamar da aka manna a bayanta tana faɗuwa tare da tsohon ɓawo, sai fa irin wadda ake cusawa cikin tsoka.

Na biyu, tarko yana da zaɓe. Manyan ƙaguwoyi su ne suka fi shiga, suna kuma korar ƙanana ko su cinye su. Wadda ta yi saɓa ba da daɗewa ba kuwa tana ɓuya a rami, ga shi mata masu ɗauke da ƙwai suna fita can cikin teku. Ke nan abin da mai bincike ya auna bai wakilci dukkan ƙaguwoyin wurin ba.

Na uku shi ne batun jinsi. A 1949 Estampador ya rarrabe su a ƙasar Filifin, a 1960 Stephenson da Campbell suka mai da su jinsi ɗaya, sai a 1998 Keenan da Davie da Mann suka tabbatar da jinsi huɗu. Saboda haka alƙaluman da aka tara tsakanin 1960 da 1998 da sunan serrata suna bukatar a sake tace su, domin olivacea ba ta kai ta girma ba.

Dokokin su sun dogara ga irin waɗannan alƙaluma. Jihar Kwinsland ta Ostareliya ta hana kama mace, ta kuma hana kama namijin da faɗinsa bai kai santimita 15 ba. Ƙasar da ta kwafi wannan ma'auni alhali jinsinta ƙarami ne za ta tauye masuntanta. Shawararmu ita ce a fara tantance jinsi, sa'an nan a auna abu biyu daban-daban: ƙarin da ake samu a kowace saɓa, da kwanakin da ke tsakanin saɓa da saɓa.