Jinjina ga Jaridar Kwabo Ɗaya

Zariya gari ne mai bariki, gari ne kuma mai maɗaba'a. A daffon soja na can ake horar da kurata, a can kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na edita, Dokta Rupert East na dafa masa.

Ba ta shekara ba yaƙin Hitila ya ɓarke. Aka kwashi samarin Arewa, har da 'ya'yan Kudancin Zariya, aka yi Bama da su. Jaridar nan ta bi su har filin daga, su kuma suka riƙa aiko mata da wasiƙu. Wannan yaƙin ne ya sa har yau barikin Zariya ke amsa sunan Chindit, sunan wata rundunar da 'yan Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a dajin Bama.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda ake karanta jaridar a wancan lokacin. A gari irin Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa, mutum ɗaya mai boko zai buɗe ta a gindin bishiya, jama'a su kewaye shi su yi tsit, tsohuwa na kasa kunne ko za a ambaci inda ɗanta yake. Kwabo ɗaya, unguwa guda ta ji labari.

Daga baya, zamanin hukumar adabin Arewa, wato NORLA, lardin Zariya ya sami tasa jaridar, Bazazzaga.

Masu alƙalami da masu jera harafin dalma, Allah ya saka muku da alheri. Mai tsohon kwafi a akwati, don Allah ya adana shi, kada gara ta cinye.