Inda Kwalta Ta Ƙare, Nan Gwanin Keke Ke Fara Aiki

A jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, fiye da rabin hanyoyin mota ba su da kwalta. Tsakuwa ce da ƙasa, gireda ke bi lokaci-lokaci tana baje su. Wajen kashi uku cikin huɗu na jihar daji ne, tsaunuka sun ratsa ta tsakiya, ƙoramu na gangarowa zuwa kogin Connecticut ta gabas da tafkin Champlain ta yamma. Akwai ma hanyoyin da doka ta ajiye a aji na huɗu, waɗanda hukumar gari ba ta kula da su yadda take kula da saura. Ruwa ya zaizaye su, saiwoyi sun fito fili, duwatsu sun bayyana. Irin waɗannan da direba ke kauce wa su ne wasu masu keke ke nema ido rufe, su wuni a kansu, su ci kilomita 100 ko fiye kafin rana ta faɗi.

Abin ya zama wasa mai zaman kansa. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas suka yi tseren mil 200, kusan kilomita 320 ke nan, tseren da yau ake kira Unbound Gravel, dubban mutane ke shigarsa. A 2021 aka fara wani na kwana huɗu a yankin Maasai Mara na Kenya, a 2022 kuma hukumar kekuna ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a yankin Veneto na Italiya. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ilimin da ke cikin hannu da ƙafa da idon mai keken, wanda ɗan kallo ba ya lura da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin tun daren jiya yake farawa. Keken da ake wannan tafiya da shi ya yi kama da na tsere, kansa lanƙwasasshe, sai dai tayarsa ta fi faɗi: milimita 40 zuwa 45, alhali ta kwalta ba ta cika wuce 30 ba. Birkinsa faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafa, nesa da laka. Yawancin tayoyin ba su da tif a ciki. Wani farin ruwan roba ake zubawa, wanda da ƙaya ta huda sai ya bi iska zuwa bakin hujin ya daskare ya toshe shi.

Sai maganar iska, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aikin. Da yawanmu mun tashi da tunanin cewa taya in ta yi tauri ta fi gudu. A kan kwalta mai sumul akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A kan tsakuwa kuwa taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane ɗan dutse, ƙarfin da mutum ya zuba a feda ya tafi sama maimakon gaba, jijjigar kuma ta ƙare a wuyan hannu da gadon baya. Gwani sai ya rage iska, ya tsaya tsakanin geji 30 da 40, ƙasa da rabin abin da a da ake dura wa keken tsere. Taya mai ɗan laushi lotsawa take ta haɗiye dutsen ta wuce, roba mai yawa na taɓa ƙasa, riƙo ya ƙaru. In kuma ya rage fiye da kima, da ya daki dutse sai taya ta matse tsakanin dutsen da ƙarfen ƙafa, ta yanke wuri biyu kusa da juna, abin da masu keke ke kira cizon maciji. Tsakanin waɗannan biyun yake neman matsaya. Yana duba nauyinsa, da na kayan da zai ɗauka, da irin ƙasar da zai taka, sannan ya bar ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi, domin bayan ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Bayan ya auna da geji sai ya danna da babban yatsa, don hannu ya haddace yadda daidai take, ko a daji in babu ma'auni.

Sarƙa kuma sai ya goge ta tas da tsumma, ya ɗiga mai a kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ya juya feda baya, ya sake gogewa har wajen ya bushe. A cikin gaɓa ake son mai. Wanda ya kwarara baƙin mai a kai ya tafi abinsa, yashi zai manne, ya haɗu da man ya riƙa cin ƙarfen har haƙora su ƙare. Daga nan ya buɗe taswira ya duba inda tudu yake, inda zai sami ruwan sha, da rafukan da zai haye, ya tambaya ko an yi ruwa a kwanakin nan.

Da tayarsa ta sauka daga kwalta, abin da zai fara yi shi ne sassauta hannu. Riƙon ɗan tsako yake yi wa kan keke: kada ya kuɓuce, kada kuma a matse shi. Gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa a sake, ido can gaba mita goma ko ashirin. Keke inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya zuba wa rami ido cikinsa zai faɗa, shi ya sa gwani ke kallon ɗan wurin da yake so ya bi ta gefen ramin. Hanyar burji kuma faɗinta ba iri ɗaya ba ne. Inda tayoyin mota suka saba bi ya daddale ya yi ƙarfi, tsakuwar da suka watsar ta taru a tsakiya da gefe, musamman a bayan kwana. Yana tafe yana sauya layi, hagu, dama, yana bin daddalallen wuri. In ya iso gargada, wato ƙananan kunyoyin nan da tayar mota ke yi wa hanyar ƙasa, ba ya rage gudu can ƙasa, don a hankali ne keke ke faɗawa cikin kowace kunya. Giya mai ɗan nauyi yake sawa, ya ɗaga jiki kaɗan daga sirdi, gwiwoyi su sha jijjigar.

A kwana, kafin ya shiga yake gama birkinsa. Fedar waje na ƙasa, ya taka ta da nauyinsa, ya karkatar da keken fiye da jikinsa. Matse birkin gaba a tsakiyar kwanar tsakuwa shi ne hanya mafi kusa ta zuwa ƙasa. A hawan tudu ma akwai dabara: mai keken kwalta miƙewa tsaye yake yi ya taka, amma a nan in ka miƙe nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Zama ake yi, a sunkuya, a juya ƙafa da sauri cikin giya marar nauyi.

Yashi kuwa mu ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin busasshen rafi ranar kasuwa ya ga mai rake ko mai itace ya zo a kan kekensa Phoenix marar giya, ya ga wannan ilimin da idonsa. Tun daga nesa yake tara gudu. Da ya shiga sai ya ja jiki baya don ƙafar gaba ta yi sauƙi kada ta nutse, ya bar kan keken ya ɗan yi lilo yadda yake so ba tare da ya yi kokawa da shi ba, ƙafarsa kuma ba ta daina juyawa ko sau ɗaya har ya fita. Da ya tsaya da takawa, ko ya karya kai da ƙarfi, an gama. Abin da zakaran duniya ke yi ke nan a kan keke mai tsadar gaske, shi kuma wannan bawan Allah yana yi da kaya jibge a kariya, ba wanda ya taɓa tafa masa.

Cikin kurmi ido ne ke wahala. Hasken rana na ratsa ganye ya zuba a ƙasa dabbare-dabbare, rami da inuwa su zama abu ɗaya, busasshen ganye ya rufe dutse. Saiwar da ta gitta hanya, musamman jiƙaƙƙiya, kai tsaye ake haye ta, a ɗan ɗage ƙafar gaba, hannu ba ya kan birki. In aka zo mata a karkace, taya bin ta take yi ta zame.

Sai rafi. Gwani ba ya afka wa ruwa don ya ga wani ya wuce. Tsayawa yake ya duba abu uku: zurfi, ƙarfin gudun ruwan, da mafita a wancan ƙetaren. Inda ruwa ke 'yan ƙananan tsalle-tsalle a kan tsakuwa, nan ne marar zurfi, ƙasansa da ƙarfi. Inda ya kwanta luf ya yi duhu, akwai zurfi ko laka. In ruwan bai kai tsakiyar ƙafar keke ba, inda boris yake, sai ya sa giya marar nauyi tun a tudu, ya shiga da matsakaicin gudu, idonsa a kan mafita, yana takawa ba tsayawa. In ya fi haka sai ya sauka ya saɓa keken, domin ruwa in ya shiga boris wanke giris yake yi, tsatsa ta biyo baya. Kuma ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa yake riƙe shi, don in igiyar ruwa ta fizgi keken ta yi gaba da shi, kada ta danno shi a kan ƙafafunsa. Ruwan da ya wuce gwiwa yana gudu, ba a shiga, komai nisan zagaye. Da ya haye zai ɗan matsa birki yana tafe har faifan ya bushe, sannan ya ɗiga wa sarƙa mai.

Laka ta fi ruwa mugunta. A tseren Unbound na 2023 ruwan sama ya jiƙa wani yanki tun farkon hanya, laka ta cushe tsakanin taya da jikin keke har ƙafa ta daina juyawa, manyan 'yan tsere suka koma tafiya a ƙasa. Waɗanda suka san wurin sun zo da ɗan siririn katako a aljihu na kankare laka.

Faci ma da nasa tsari. In hujin ya fi ƙarfin ruwan roba, akwai wani ɗan zaren roba mai danƙo da ake cusawa da allura ta musamman, a ƙara iska a ci gaba. Mai tif kuwa, irin namu da tsidau ke addaba, hanyar mai faci zai bi: a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira ya sha iska har ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne. Kafin a mayar da tif sai an zagaya cikin tayar da yatsa a hankali an ciro ƙayar. Mai gaggawar da ya tsallake wannan, bayan ɗan taƙi zai sake zama a gefen hanya.

Gangara ce ke buƙatar natsuwa fiye da ko'ina, kuma ko gwanaye ba ta bari ba. A watan Agusta na 2022, Sule Kangangi, ɗan Kenya mai shekara 33, jagoran ƙungiyar Amani kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan wasa a gabashin Afirka, ya faɗi yana cikin gudu a tseren Vermont Overland, ya rasu. Don haka mai karatu, in sha'awa ta kama ka ka fito da kekenka ka bi hanyar ƙauye, ka sa hular kwano, ka ɗauki ruwa da famfo da kayan faci, ka gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo. Kafin ka shiga kowane daji kuma, ka tsaya ka tambayi mutanen wurin lafiyar hanya.