Bauta da Zama Ƙarƙashin Wani a Littafin Shaihu Umar

A cikin shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta kira malamai su yi gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga wannan gasa akwai Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Na farko yana ba da dariya, na biyu yana kirarin yaƙi, amma na ukun nan labari ne mai sanyi a kan magana mai nauyi, watau bauta. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga yana koya abu guda: zama ƙarƙashin wani shi ne alherin mutum da sharrinsa su kasance a bakin wani mutum kamarsa, ko da mari a ƙafarsa ko babu.

Mutum uku ne suka nuna wannan a cikin labarin. Na farko Makau, mijin uwar Umar, bafade a Kagara. Shi ɗa ne, yana da doki da gida da daraja wurin sarki. Amma da 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka sare shi wurin sarki cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo, sai aka kore shi daga gari. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. To, amma abin lura shi ne, duk abin da Makau ya mallaka yana rataye ne da yardar mutum ɗaya. Ran da yardar ta kau, sai ya tashi ba shi da kome.

Ta biyu ita ce uwar Umar, kuma labarinta ya fi na kowa ban tausayi. Ita ma 'ya ce, Musulma, matar aure. Da aka sace ɗanta ta fita nemansa, sai ta faɗa hannun mayaudari, aka sayar da ita, aka ƙetare Sahara da ita. Shari'a ba ta halatta a bautar da irinta ba, amma wa zai tsaya mata a ƙasar da ba ta da dangi, ba ta da mashaidi? A nan marubucin ya nuna cewa inda ake cinikin mutane, 'yancin kowa ba shi da tabbas, gama mai ƙarfi da mai wayo su ke faɗin wane ne ɗa, wane ne bawa. Ta sadu da ɗanta a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Na uku shi ne Umar kansa, kuma a kansa ne mai karatu zai iya ruɗewa. Balaraben da ya tafi da shi Masar, Abdulkarim, mutumin kirki ne. Ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Wani zai ce, ashe bauta ta yi wa Umar rana. Amma a tuna, Umar bai zaɓi Abdulkarim ba, kamar yadda uwarsa ba ta zaɓi wanda ya saye ta ba. Hanya ɗaya suka bi, hamada ɗaya suka ƙetare, sai dai shi ya dace da ubangida mai tausayi, ita ba ta dace ba. Jin daɗin da ya dogara ga halin ubangida kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Haka abin yake a ƙasar Hausa kanta. Bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano sun fi talakawa da yawa dukiya da faɗa a ji, wani bawan kuma yana biyan murgu ya yi sana'ar kansa, amma dukansu da igiya a hannun wani.

Littafin yana da nasa rauni, bai kamata a ɓoye ba. Shaihu Umar yana ba almajiransa labarin ne a Rauta bayan ya tsufa, da muryar mai haƙuri wanda ya mai da kome ga ƙaddara. Wannan murya ta dace da malami, ita ce ma ta sa labarin ya shiga zuciya. Amma ta sa ba a tuhumi cinikin bayi kansa yadda ya kamata ba. Mutanen ƙauyen da su Makau suka kamo ba a ji sunansu ba, ba a ji kukan iyayensu ba, alhali kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa kamar uwar Umar. Mai karatu shi zai cike wannan gurbi da tunaninsa.

Sa'ad da aka rubuta littafin, bauta ba tsohon labari ba ce. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayanta ne, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Watau akwai waɗanda suka ji karatun littafin nan alhali su kansu bayi ne.

Kasuwar bayi ta tashi, amma tambayar da littafin ya bari tana nan. Wanda bashi ya ɗaure, da wanda ke dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, lalle suna da rabo cikin halin Makau. Wanda ya iya karatu kuwa ya karɓi wani yanki na al'amarinsa daga hannun wasu, gama zai duba rasit ɗinsa da wasiƙarsa da idonsa, ba sai an faɗa masa ba.