Gwanin da Ke Auna Kaya Kafin Ya Ɗaura Tirela

A Amurka akwai wata irin tirela da iyalai ke tafiya hutu da ita. Gabanta ɗakin kwana ne da kicin da banɗaki, bayanta kuma gareji ne na babura da ƙananan motocin shiga daji. Akori-kura ce ke jan ta. Wuyan tirelar yana zama a kan wani faifan ƙarfe da aka kafa a bayan motar, daidai saman tayoyin baya, kamar yadda kan tirela ke ɗaukar bodinsa a hanyoyinmu.

Mai sayar da mota zai yi ta kuranta nauyin da injin ke iya ja. Gwani kuwa ƙofar direba yake fara buɗewa, don a jikinta aka manna takardar da ta faɗi iyakar lodin da motar za ta ɗauka, da abin da ƙafafun gaba da na baya za su jure. Nan ne lissafin yake.

Wuyan irin wannan tirela yakan sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motar. Idan tirela ta kai kilo 7,000 da kayanta, kashi 20 kilo 1,400 ke nan. Sai a ƙara nauyin faifan, da direba, da iyali, da jakunkuna. Shi ya sa mota irin Ford F-250 kan cika lodinta tun injin bai ji komai ba, sai a koma F-350 ko Ram 3500 mai tayoyi huɗu a baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke lura da garejin. Idan aka cika shi da babura, nauyi ya koma baya, wuya ya yi sauƙi. Idan ba komai a ciki, motar ce ke shan nauyin. Ga tankin ruwa kuma, kowace lita kilo guda. Don haka sau biyu yake lissafi, da kaya da kuma ba kaya, sannan ya hau sikelin manyan motoci ya auna kowace ƙafa daban.

Wannan haƙuri shi ke kare taya daga fashewa, ya sa birki ya kama a gangara. Duk mai jan kaya, a ko'ina yake, ya auna lodinsa kafin ya hau titi, domin rayukan mutane ya ɗauko.