Baikon Godiya da Wadar Zuci: Nazari kan Al'adar Kiristocin Ƙonni, Malbaza da Illela

Kiristoci a Nijar 'yan kaɗan ne, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A jihar Tawa tarihinsu yana ɗaure da garin Galmi na gundumar Malbaza, a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Mishan ɗin SIM, wanda ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya buɗe asibiti a Galmi a 1950 ta hannun Dokta Burt Long, kuma ikilisiya ta girma a gefen asibitin. A Birnin Ƙonni kuwa, garin iyaka, majami'u sun haɗa 'yan ƙasa da ma'aikata da fatake daga Najeriya, Benin da Togo. Geron da maƙwabtansu Musulmi suke nomawa shi suke nomawa, fari ɗaya ke cin gonakinsu, kasuwa ɗaya ke yanka musu farashin albasa. Duk wanda zai fahimci godiyarsu, sai ya auna ta da wannan rayuwa.

Matakin farko na godiyar a gaisuwa yake, kuma gadon Hausa ne na kowa da kowa. A ce ina aiki, a amsa da godiya. A ce ya gida, a ce mun gode Allah. Kirista bai sauya wannan ba, sai dai ya ɗora masa addu'a kafin cin tuwo da sujadar iyali da dare, inda akan karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932. Amfanin wannan mataki shi ne yana horar da harshe ya saba da godiya tun yarinta. Rauninsa kuma shi ne baki yana iya furta ta alhali zuciya na cike da ƙorafi.

Mataki na biyu shi ne shaida. A sujadar Lahadi ko taron zumuntar mata, mutum ya miƙe ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa: matar da ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda, yaron da ya tashi daga zazzaɓin damina, saurayin da ya dawo daga biɗa a Libiya ko Abijan da ransa. Masu wa'azi sukan kafa hujja da labarin kutare goma na Luka sura 17, waɗanda aka warkar amma ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Ƙarfin shaida yana cikin ambaton abu da sunansa, domin mai jin ta yana koyon lissafa alherin da shi ma ya samu bai lura ba.

Mataki na uku, mafi nauyi, shi ne baikon godiyar kaka. Bayan an yanke gero a watan Oktoba, manomi ya kawo dami, wata ta kawo kwanon wake ko kaza, ma'aikaci ya sa kuɗi. Wasu sukan fitar da dami ɗaya cikin goma, abin da maƙwabci Musulmi ya sani sarai a zakkar amfanin gonar damina. A nan godiya takan taɓa rumbu, kuma a ƙasar da ta ga yunwar 1973, ta 1984 da ta 2005, fitar da dami alhali ba a san yadda daminar baɗi za ta kasance ba babbar bangaskiya ce.

Wannan al'ada tana fuskantar haɗari biyu. Na farko yana shigowa ta wa'azin arziki da ya bunƙasa a kudancin Najeriya, wanda wayar hannu da tauraron ɗan'adam suka kai kowane gida. Wa'azin yana mai da baiko jari: ka ba da kaɗan, Allah ya ninka maka. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, wato tukwici yana biyo bayan kyautar da aka riga aka karɓa. Wanda ya bayar don ya jawo riba ciniki yake yi, kuma ran da ribar ta ƙi zuwa zai zargi kansa da ƙarancin bangaskiya, ko ya zargi Allah. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura 6, ta yi kashedi a fili game da masu ɗaukar ibada hanyar samun dukiya.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne a mai da wadar zuci abin rufe bakin talaka. Dubi manomin albasar Galmi, wadda sunanta ya kai kasuwannin Akara da Abijan. Sau da yawa bashin iri da taki da man injin ban-ruwa kan tilasta masa sayarwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika, alhali wanda ya iya adana tasa a rudu zai sayar da tsada bayan 'yan watanni. Haka rufe iyaka a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun tsayar da cinikin da Ƙonni da Illelar Sakkwato suke rayuwa a kai. A ce wa irin wannan mutum ya gode kawai ya yi shiru zalunci ne da sunan addini. Manzo Bulus, wanda ya koya wa Filibiyawa wadar zuci daga cikin kurkuku, shi ne kuma ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa, ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya nemi haƙƙinsa a gaban mahukunta. Abin da wadar zuci take kashewa shi ne kwaɗayi da hassada. Himma da neman adalci suna nan daram.

Don haka ma'aunin al'adar shi ne inda damin godiya yake ƙarewa. Idan wani kaso nasa ya koma hannun gwauruwa, ko ya biya kuɗin maganin maras lafiya, ko ya zauna a rumbun ikilisiya har watan Agusta, lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje, a ranta wa mabukaci ba tare da tambayar addininsa ba, to godiyar ta cika aikinta. Ya kamata dattawan majami'u su riƙa bayyana wa jama'a lissafin baiko a fili, su ba mai shaidar haƙuri cikin rashi daraja ɗaya da mai shaidar samu, su kuma taimaka wa manomansu su haɗa kai wajen adana albasa. Ikilisiyar da ta yi haka za ta raini yara masu iya gode wa Allah a shekarar ƙoshi da shekarar fari, ba tare da sun daina neman gyara ba.